Waiwaye: Hoton da Ba Ka Sauke Ba, Ba Naka Ba Ne

Ranar Juma'a 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan turakunsu da ke jihar Zamfara. Gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ɗan Maradun, shi ya nemi a yi hakan, don a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto yayin da sojoji ke shiga daji. Da farko an ce mako biyu za a yi. Gusau ta samu nata sabis ɗin ranar 1 ga Oktoba, amma mu na yamma, Talata Mafara da Bakura da Maradun, sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin a maido mana.

Wanda ya zauna a yankin nan a shekarar ba sai an gaya masa abin da ya kai ga haka ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A tsakiyar Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwo ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, ƙasar Maradun. Tare da katse layin aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana safarar dabbobi.

An yi magana sosai a kan asarar da masu POS suka yi, da 'yan kasuwar da suka rasa abokan cinikinsu na kudu, da iyalan da ba su ji rasuwar ɗan'uwa ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Duk gaskiya ne, kuma duk sun fi abin da zan yi magana a kai nauyi. Amma akwai wata asarar da ba wanda ya ƙirga ta, wadda ta bi mutane gida-gida, ita ce ta hotuna. Ina ganin a cikinta akwai darasin da har yau ba mu ɗauka ba.

A Dakko da Damri da Rini da sauran garuruwan ƙasar Bakura, data ba abin wasa ba ce. Mutum ya sayi ta ɗari biyu, yana so ta kai shi kwana biyu ko uku. Saboda haka abu na farko da ake koya wa sabon mai waya shi ne ya kashe saitin nan na WhatsApp da ke sauke hotuna da kansa. Daga nan duk hoton da ya shigo sai ya zo dishi-dishi, da 'yar kibiya a tsakiya da lambar nauyinsa a gefe. Sai mutum ya ce zai buɗe in ya sayi data, ko in ya hau wurin da sabis ya fi ƙarfi. Hoton jaririn da aka haifa wa ɗa a Legas, na kayan lefe, na takardar asibiti, na rasit ɗin kuɗin da aka turo, duk suna nan a jere suna jiran ranar buɗewa. Da aka kashe turakun, a haka suka tsaya.

A shagunan cajin waya, a waɗancan makonni, kusan magana ɗaya ake ta maimaitawa. Dattijuwa ta miƙo waya ta ce: "Ɗana, buɗe mani hoton jikana, ga shi nan ina ganin inuwatai." Yaron shago ya duba ya ce: "Inna, wanga ba shi buɗuwa, ba shi cikin wayar. Sai an maido da sabis." Ta ce: "To ba ga shi nan ba?" Tambayarta daidai ce, kuma ko masu boko da yawa ba su san amsarta ba. Hausawa suka ce gani ba ci ba.

Abin da ke faruwa shi ne, in aka turo maka hoto, wayar mai turowa tana kulle shi ta ɗora shi a kan manyan kwamfutocin kamfanin. Abin da ke fara isowa gare ka ɗan ƙaramin kwafi ne maras nauyi, wannan mai hazon, tare da mabuɗin da za a buɗe na ainihin. Sai ka danna kibiyar sannan hoton zai baro can ya shigo wayarka. Kuma kamfanin bai yi alkawarin ajiye maka shi har abada ba. In aka daɗe, sai wayar ta ce ka roƙi mai shi ya sake turowa. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne saƙon da bai iso ba sam. A ƙa'idar WhatsApp, saƙon da bai samu shiga wayar mai karɓa ba ana riƙe shi ne zuwa kwana 30, daga nan a share. Mu kuwa mun yi kusan wata uku. Ma'ana, abin da 'yan'uwa suka turo daga Abuja da Kano da Makka a cikin Satumba, ga wanda bai fita jihar ya kama sabis ba, ya tafi ke nan, mai turowa yana ganin alama ɗaya a gefen saƙonsa yana zaton wata rana za ta zama biyu. Kamfanin yana kuma da ƙa'idar rufe asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba. Saura kaɗan mu kai nan.

Masu hali sun riƙa shiga mota da wayoyin 'yan unguwa a jaka, su tafi neman sabis. Ita ma hanyar ta yi ta ƙuncewa, domin cikin watan nan na Satumba Katsina ta katse layi a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato ta katse a 14. Sai mutum ya dangana da birnin Sakkwato, a kan hanyar da kowa ya san hatsarinta a lokacin.

In muka koma baya kaɗan, za mu ga ba haka muka faro da hoto ba. Waɗanda suka yi wayo kafin shekarar 2000 sun san mai hoto da kyamararsa a wuya, yana zagaya gari ranar Sallah ko ranar suna. Fim ɗaya hoto 36 ne. Sai ya cika a kai shi wanki birni, a jira kwanaki, a dawo da shi a ambulan. A gida a jera a albam, ko a sa a gilashi a rataye, ko uwargida ta sa a ƙasan akwati tare da takardun makarantar yara. Abokan gaban hoton sanannu ne, gara da yoyon ɗaki da gobara. Hotunan ba su da yawa, amma duk wanda ke da ɗaya ya san inda yake, kuma ba ya bukatar izinin kowa kafin ya duba fuskar mahaifinsa.

Rashin yawan nan ma ya yi mana illa, kuma Bakolori ce shaida. An gama gina madatsar ruwan a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, aka tashi dubban mutane. Manoma suka yi ta kukan diyyar gonakinsu da itatuwansu, har suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Malamai irin su Yusufu Bala Usman da Björn Beckman na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi rubutu a kai, tsofaffin yankin kuma suna ba da labari da baki. Amma manomin wancan lokaci ba shi da kyamara. Bai ɗauki gonarsa kafin ruwa ya hau ba, bai ɗauki dorawar da aka sare masa ba, balle abin da ya faru ranar. Maganarsa ce kawai a gaban maganar hukuma.

Jikansa yau yana da kyamara a aljihu. Yana ɗaukar iyakar gonarsa a fadamar Bakolori, da takardar sayenta, da katin NIN, da katin zaɓe, da sakamakon jarrabawar ƙanensa. A garuruwan da aka kai wa hari aka ƙone gidaje, albam da akwati sun tafi da wuta, abin da mutum ya tsira da shi sau da yawa wayar da ke aljihunsa ce. Shi ya sa nake ganin zancen sauke hoto da adana shi ya wuce zancen samari masu son gayu. Ga wasu iyalai, shaidar dukiyarsu da fuskokin mamatansu duk suna cikin wata Itel ko Tecno mai fasasshen gilashi.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta iso ƙauyukanmu, sannan masu kyamara suka biyo baya. Zamanin memori da Bluetooth ke nan, da masu tura-tura da ke zaune da kwamfuta a bakin tasha suna loda wa mutane waƙoƙi da wa'azi da finafinai. Samari suka shiga 2go da Facebook ta Opera Mini, daga baya Xender ta zo ta sauƙaƙa tura abu daga waya zuwa waya ba tare da data ba. A ganina wannan zamanin ya fi kusa da mallaka ta gaskiya. Hoto fayil ne a cikin memori. Waya ta lalace, ka zare katin ka sa a wata. A watanni ukun nan na 2021 ma, masu tura-tura da Xender ba su daina aiki ba ko na yini ɗaya. Matsalar memori ita ce katin jabu, wanda ke nuna 32GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, in ya cika sai sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho yana lalata shi. Sai kuma ranar da waya za ta ce a yi wa katin fomat, mutum ya danna ba tare da ya san share komai ake nufi ba.

Da manhajoji suka karɓe ragama sai abin ya ƙara duhu, domin yanzu hoton da kake gani a fuskar waya yana iya kasancewa a wurare daban-daban, kuma duk kamarsu ɗaya a ido. Yana iya zama a kwamfutar kamfani kana leƙensa ta intanet, kamar na Facebook. Yana iya zama a ɗakin ajiyar manhajar ita kanta, wanda ranar da ka cire ta daga waya, ko mai gyara ya share mata bayanai don a samu fili, ya tafi da ita. Ko kuma ya shiga galari, inda zai zauna ko da manhajar ko babu. Manomi ya san bambancin geron da ke tsaye a gona da damin da ya shiga rumbu, musamman a shekarun nan da ake shuka ba a da tabbacin za a bari a girbe. Hoton da ya shiga galari ya iso gida, amma gida ɗaya ne, kuma wayar tana iya faɗawa rijiya ko a ƙwace ta a hanya.

Sai a ce ai akwai ajiyar intanet. Akwai, amma mu duba yadda ake buɗe ta a wurinmu. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa imel ɗin Google cikin minti biyar don wayar ta tashi, ya sa kalmar sirrin da shi kansa zai manta kafin magariba. Mai wayar bai taɓa sanin yana da imel ba. Ranar da wayar ta ɓata, hotunan suna can a ajiye lafiya lau, ba mai mabuɗin. In layin ma ya tafi, sai an yi welkom-bak, kuma tun Disambar 2020 da aka tilasta haɗa layi da NIN, wanda aka yi wa rajistar layi da sunan wani yana shan wahala kafin ya karɓo lambarsa. Su ma kamfanonin suna canza sharaɗi yadda suka ga dama. Daga 1 ga Yuni, 2021, Google Photos ta daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, ta koma kan 15GB da ake rabawa da imel. Daga Disambar 2023 Google ta fara ba kanta damar share asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. A 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ita ma ta shiga cikin lissafin wancan 15GB. Wanda ke ganin babban kamfani ba ya ɓatar da kaya, ya tuna MySpace, wadda a 2019 ta amsa cewa ta rasa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora mata na tsawon shekara 12.

Ko sauya waya ma tarko ne. WhatsApp ɗaya ce a ido, amma ta Android a Google Drive take ajiya, ta iPhone a iCloud, kuma ɗaya ba ta karanta ta ɗaya. Sai a 2021 aka fara samun hanyar hukuma ta kwashe hira daga iPhone zuwa wasu wayoyin Android, ta komawa iPhone kuma sai 2022. Kafin nan, ɗan kasuwar da Allah Ya buɗa wa ya sayi iPhone yakan tarar ya bar tarihinsa na shekaru a tsohuwar waya, wadda ya riga ya bai wa ƙanensa an yi mata filashin.

A nan nake so in juya ga 'ya'yanmu masu koyon rubuta manhaja, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, dukkansu a Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Yawancinku kuna amfani da kayan aikin da ke ba mutum damar rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a Android da iPhone, kamar React Native da Facebook ta fitar a 2015, ko Flutter ta Google da ta fito sosai a Disambar 2018. Kayan aiki ne masu kyau. Amma adana hoto na cikin wuraren da wayoyin biyu suka raba hanya, kuma rubutu ɗaya ba ya ɓoye bambancin. A iPhone, in ba ka rubuta dalilin neman shiga ma'ajiyar hotuna a bayanan manhajarka ba, da mutum ya danna adanawa manhajar za ta rufe. A Android kuma dokar ta yi ta canzawa: daga Android 6 ta 2015 sai an nemi izini a lokacin da ake bukata, Android 10 ta 2019 ta killace kowace manhaja a nata ɗakin, Android 13 ta 2022 ta raba izinin hoto da na bidiyo da na sauti. Ɗan ƙaramin haɗin da kuka ɗauko a intanet don ya yi muku wannan aikin, sau da yawa mutum ɗaya ne ya rubuta shi a lokacin hutunsa, kuma yana iya barinsa ba gyara. Ko Xamarin, ɗaya daga irin waɗannan kayan aikin, da Microsoft ke riƙe da ita, an daina kula da ita ranar 1 ga Mayu, 2024. Sakamakon shi ne manhaja ta rubuta wa mutum "an adana", ya je galari bai ga komai ba.

Wanda ya rubuta darussan da kuke koyo da su yana zaune ne inda intanet ba ta yankewa. Ku kun san Dakko. Kun san sabis ɗin da ke zuwa ya ɗauke a tsakiyar saukewa, don haka ku sa manhajarku ta ci gaba daga inda ta tsaya maimakon ta sake cinye datar mutum daga farko. Kada rabin hoto ya shiga galari a matsayin cikakke. Ku duba ko akwai fili kafin a fara, ku faɗi nauyin hoton kafin a danna, ku gaya wa mutum da Hausa inda abin ya shiga. Sannan ku gwada a ƙaramar Itel ɗin da ta cika, ba a wayarku mai tsada kawai ba. Manhajar da ba ta da amfani in babu sabis, ba don Zamfara aka yi ta ba.

Akwai ɗaya gefen da ba zan tsallake ba, na adana abin da ba naka ba. Sitatus ɗin WhatsApp, tun zuwansa a 2017, awa 24 yake yi ya ɓace, amma samari suna sa GB WhatsApp da makamantanta don su kwashe hotunan 'yan mata da matan aure. Manhajojin nan ba na kamfanin ba ne, ana rufe wa mutum layi saboda su, amma ko ba a rufe ba cin amana ne, kuma ya kashe aure ba ɗaya ba. Haka nan hotunan gawarwakin waɗanda aka kashe a hare-hare, Allah Ya jiƙansu, da ake saukewa ana yaɗawa ba tunanin iyalansu. WhatsApp tana matse hoto ta cire bayanin ranar da aka ɗauke shi, shi ya sa hoton shekara biyar baya yake dawowa a ce na harin jiya ne, gari ya ruɗe. In hoton shaida ne da kake so ya isa da ingancinsa da bayanansa, tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto da aka saba ba.

Mai karatu, yau ka ware minti talatin. Ka buɗe hotunan da ka bari dishi-dishi, waɗanda ka san in sun tafi za ka yi baƙin ciki, ka tabbatar sun shiga galari. Ka nemi wanda zai nuna maka imel ɗin da ke kan wayarka, ka canza kalmar sirrin, ka rubuta ta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardar gona. Ka tura muhimman ga ɗan'uwan da ke wani gari, ka ce ya sauke su, ba ya gani kawai ba. Guda goma da suka fi daraja, na iyaye da na takardu, ka kai a wanke maka su ranar da ka shiga Mafara.

Ga jami'ar jiha da kwalejin Abdu Gusau kuma, ina roƙo. Sakkwato tana da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, Kaduna tana da Arewa House. Akwai ƙauyuka a ƙasar Maradun da Bakura da Mafara da yau ba kowa a cikinsu, kuma hotunan masallatansu da kasuwanninsu da mutanensu suna cikin wayoyin waɗanda suka yi gudun hijira. Ku tura ɗalibai da kwamfuta su bi su, su nemi izininsu, su kwafi hotunan, su rubuta sunan gari da shekara a kan kowanne, tun wayoyin ba su mutu ba.